Ranar da Mudi Ya Tsallaka Igiya

Duk ɗaliban kwalejin horon malamai da ke gefen titi, tsakanin Kwanar Dangora da Tudun Wada, Baba suke ce wa Mudi. "Baba mai nama, sannu da aiki." "Baba mai nama, don Allah yau a bar mana tsoka, haƙoranmu sun gaji da jijiya." Shi kuma ya ɗago daga kan saniyar da yake feɗewa a bayan kicin, ya yi musu dariya da giɓinsa, ya ce su je su kai ƙara wurin saniyar. Yaro guda ne tak a cikinsu ba ya kiransa da komai. In ya hango shi sai ya sunkuyar da kai ya ƙara sauri. Wannan yaron kuwa shi ne Shitu, ɗan Mudi na cikinsa.

Kada a yi saurin zagin yaron. Mudi ne da bakinsa ya kafa dokar.

Ranar da ya rako Shitu makarantar, da akwatin ƙarfe ɗaure a bayan keke, sun iso bakin ƙofa ke nan suka tarar manyan ɗalibai sun sa wani sabon yaro a tsakiya. Suna toshe hanci, suna ce masa ɗan bangaro, wato ɗan mahauci, wai ƙarnin jini yake yi. Yaron yana share hawaye, su suna ƙyaƙyata dariya. Mudi ya dubi hannayensa, waɗanda tun yana ƙarami suke cikin jini da kitse, ya dubi ɗansa cikin farin yadi sabo fil. Sai ya kwance akwatin tun daga nesa, ya ɗora masa a ka, ya ce ya ƙarasa da kansa. A makaranta aka san yaro da Shitu Yako, da sunan garinsu, kamar yadda 'yan boko da yawa suke yi. Sunan uba bai bi shi ciki ba.

Yana aji biyu uwarsa Tani ta rasu. Yayarsa Hasana da ma tana aure can Doguwa, sai shekara-shekara ake ganinta. Gidan Mudi a Yako ya koma ɗakuna uku da mutum ɗaya. Ya dafa ruwan shayinsa da kansa, ya sayi tuwo a maƙwabta, ya ci a tsakar gida yana kallon igiyar shanya da ba wanda ya ƙara rataya komai a kanta. Kaɗaici ya dame shi ƙwarai, ba kuwa mutum ne mai zaman majalisa ba. Da ya ji ɗan kwangilar da ke kai wa kwaleji shanu yana neman mai fiɗa ranar Litinin da Alhamis, sai ya bar teburinsa na kasuwa a waɗannan ranaku ya karɓi aikin, duk da abin da ake biya bai taka kara ya karya ba. Abokan fawa suka ce Mudi ya fara ruɗewa. Shi dai ya san abin da zai je gani.

Kafin ya fara, ya zaunar da Shitu lokacin hutu.

"In ka gan ni a bayan kicin, wucewa za ka yi. Ka ji ko?"

"Haba Baba, ta yaya zan..."

"Na ce ka ji ko?"

"Na ji."

Ya ji ɗin kuwa, jin da ya wuce yadda Mudi ya so. Shirun da aka ƙulla don makaranta sai ya biyo su har gida. Su zauna kan tabarma ɗaya, a gaisa, a tambayi karatu, a ce alhamdu lillahi, magana ta ƙare. Daga baya ma hutun ya fara raguwa, yau ya tsaya bitar jarrabawa, gobe ya bi wani aboki Kano. Ga shi yanzu yana ajin ƙarshe. In ya gama za a tura shi wani gari ya zama Malam Shitu, ya yi aure cikin 'yan boko, ya haifi 'ya'yan da ba su san hanyar Yako ba. Abu ɗaya Mudi yake so a duniya kafin hakan ta faru: ko sau ɗaya, a cikin mutane, yaron nan ya nuna shi ya ce wannan ubana ne. Amma da wane baki zai roƙa, bayan shi ya hana? Ya zauna yana jiran yaro ya karya dokar da kansa, yaro kuma mai biyayya ne.

Mutum ɗaya ne a kwalejin ya san zancen, Ɗanasabe, babban kuku, wani gajere mai tumbi da ba ya iya ganin abu ya yi shiru. Shi ma ba faɗa masa aka yi ba, kunnuwan uba da ɗa ya duba ya gane.

Mudin nan da ake gani durƙushe kan fata, ƙudaje na bin sa, a zamaninsa ɗan dambe ne, kamar yawancin 'ya'yan mahauta. In kaka ta yi sai su bi garuruwa da masu kalangu, daga Kiru zuwa Bebeji har cikin ƙasar Zazzau. A naɗe hannun dama da tsumma da zare har ya yi tauri, a miƙa na hagu a buɗe don tsaro. Mudi Tabarya ake ce masa a lokacin. Tani ce ta raba shi da fage, ta kuma sa shi ya yi alkawarin ba zai koya wa ɗanta ba. Ya cika alkawari, ko da wasa bai taɓa naɗa wa Shitu zare ba.

To, sai ga Malam Labaran, malamin wasanni, wani siriri da ko masallaci za shi usur na wuyansa. Ya je kwas Zariya ya dawo da damben Turawa a ka da safar dambe a jaka, ya tara yara ƙarƙashin darbejiyar da ke kallon kicin. Mudi ya riƙa satar kallonsu yana dariya a ciki. Wai dambe da matashin kai a hannu! Hannu biyu duk na duka, ba kalangu, ba kirari, sai tsalle da igiya kamar 'yan mata a dandali, da jibgar buhun yashi wanda ba ya ramawa. Bai taɓa ganin sun kara da juna da gaske ba, don wannan sai da yamma ake yi, bayan ya tafi.

Wata Alhamis ya ɗaga kai ya ga Shitu a gaban buhun. Hannun hagu a gaba, ƙafafu a ware, na dama can baya a ƙasa kusa da ƙugu. Malam Labaran ya busa usur ya daka masa tsawa ya ɗaga hannu ya kare haɓa. Ya ɗaga. Da malam ya juya baya hannun ya koma inda yake. Tsayuwar Mudi ce sak, wadda ba wanda ya koya masa. Wuƙa ta zame ta yanke Mudi a yatsa, bai sani ba sai da Ɗanasabe ya ce masa jinin nan fa ba na saniya ba ne.

A daminar 1988 ruwa ya yi gyara. Madatsar Bagauda ta ɓalle, gidajen ƙasa suka zube, mutane da yawa suka wayi gari ba ɗaki ba rumbu. Da kaka ta yi, shugaban kwalejin da Malam Labaran suka shirya gasar dambe tsakanin makarantun yankin. Za a sayar da tikiti, a zagaya da ƙwarya wurin manyan baƙi, abin da aka tara a sayi hatsi da barguna a kai wa waɗanda ruwa ya ci. Aka kewaye filin ƙwallo da zana, aka jera gangunan ƙarfe aka shimfiɗa katako da tamfol a kai, aka zagaye da igiya. Aka sa rana, wata Asabar bayan azahar.

Ranar ma sai da Mudi ya yi aiki, don an yanka sa saboda baƙi. Yana datsa ƙashi yana jin ihun mutane daga fili, gatarin yana neman kuskure inda ya nufa.

"Kwantar da hankalinka," in ji Ɗanasabe yana juya miya. "Naka shi ne na ƙarshe, na tambayo maka. In ka gama ka bi ta bayan kicin ka ɗaga zana, wa zai ce maka don me?"

"A'a. Ta ƙofa zan shiga, da tikitina."

"Ikon Allah. Wai Mudi, har yaushe za ku yi ta wannan ɓoyon? Yaron nan ya kusa fita fa."

"Ka bar shi ya gama lafiya."

"Lafiyar ke nan, mutum ya wuce ubansa kamar ya wuce turke?"

Mudi ya ci gaba da datsa ƙashi. Ya gama, ya wanke wuƙaƙe, ya zagaya bayan tankin ruwa ya dirje hannayensa da toka, ya bi da sabulu, ya bi da lemon tsami, ya sansana, ya sake. Sannan ya kwance ƙunshin da ya ɗauro a keke, ya fito da shuɗiyar rigarsa ta Sallah da hula. Ɗaliban da ke sayar da tikiti ba su gane shi ba sai da ya zo dab da su.

"Kai! Baba mai nama, yau angonci ake yi?"

"Ku dai ba ni takardar," ya ce, ya biya ya shige.

Fili ya cika maƙil. Manyan baƙi suna kan kujeru ƙarƙashin rumfa, ɗalibai a kan benci kowace makaranta da ɓangarenta, mutanen ƙauyuka a tsaye sun yi da'ira. Mudi ya kutsa a hankali har ya samu wuri kusa da wata kusurwar dandamalin. Kowa da wanda ya zo da shi, ana zolaya ana taɓa hannu. Shi ya tsaya shi kaɗai, hannu a cikin riga. An gama duk sauran wasannin, saura na manya. Aka kira Dikko, wani dogon Bafillace ɗan makiyaya daga wajen Doguwa, da ke karatu a wata makaranta a Tudun Wada, hannunsa kamar sandar kiwo. Sannan aka kira Shitu Yako. Kwaleji ta ɗauki ihu. Yaron ya hau cikin gajeren wando da singileti, Malam Labaran ya cusa masa wata roba a baki don kare haƙora. Bai dubi 'yan kallo ba, bai san ubansa na nan ba.

Alƙalin wasa, wani mai farar riga da aka ɗauko daga Kano, ya haɗa su ya yi musu magana. Aka buga ƙarfe.

'Yan makaranta zagaye suke ce wa kowane zangon wasan, Mudi turmi ya sani. A turmin farko Dikko ya yi ta tsikarin Shitu da dogon hannunsa, yana taɓa goshi yana janyewa. Shitu bai yi gaggawa ba, yana bin sa da ido, yana matsowa kaɗan-kaɗan. Mudi ya ji daɗin wannan haƙurin har cikin ransa. A turmi na biyu Dikko ya miƙo hannu ya daɗe bai janye ba, sai hannun daman nan ya taso daga ƙugu ya same shi a muƙamuƙi. Dogon ya yi taga-taga ya faɗa kan igiya, igiya ta dawo da shi. Kafaɗar Mudi ta tafi tare da naushin, har ya zunguri wani manomi da ke gefensa.

"Yi haƙuri, malam."

"Ba komai," in ji manomin, idonsa na kan dandamali. "Kai, yaron nan da gani ya gada. Ko ɗan wane ne?"

Maganar ta cika wa Mudi baki. Ya juya ta, ya juya ta.

"Ɗan Yako ne," ya ce, ya haɗiye sauran.

A turmi na uku abin da Malam Labaran yake gudu ya faru. Hannun dama yana can ƙasa yana jiran sa'a, haɓa a buɗe. Dikko ya gani, ya saki na hagu da dukkan tsawonsa. Ƙarar ta kai har rumfar baƙi. Shitu ya zube a kan tamfol ta gefe ɗaya.

A wurin Mudi magana ta ƙare. A dambe in gwiwarka ko hannunka ya taɓa ƙasa, an kashe ka ke nan, haka ake cewa, ba kuma sauran duka. Ya ji zafin abin, amma ba abin kunya ba ne, shi ma an sha kashe shi. Abin da ake yi kuwa sananne ne. Ba a barin wanda aka kashe a kwance ko na ƙiftawar ido. Mutanensa ne za su ruga su ɗaga shi, su karkaɗe masa jiki, su rufa masa riga a ka, su fitar da shi kafin kunya ta same shi. Ko baƙo ne da ya zo garin shi kaɗai, sai an sami wanda ya shiga dominsa. Mudi ya duba ya ga wa zai shiga.

Ba wanda ya motsa.

Alƙali ya tsaya a kan yaron yana kaɗa yatsa yana ƙirga da Turanci. Malam Labaran yana dukan katako yana cewa, "Tashi! Tashi!" Ɗalibai suka ɗauka, "Tashi! Tashi!" Can a ɗaya kusurwar Dikko yana tsalle a wuri ɗaya, yana buga safa da safa, yana jira. Sai Mudi ya gane abin da ake nufi. So suke yaron ya miƙe a sake dukansa. Shi kuwa ya san abin da naushi na biyu yake yi wa kan da bai dawo daidai ba. Abokin yawon dambensa, Habu, haka aka yi masa a wani ƙauye da rigima ta ɓarke, ga shi can yau a bakin kasuwar Kiru yawu na zuba, bai san 'ya'yansa ba. Ga ɗansa a ƙasa a tsakiyar ɗaruruwan mutane, kowa na yi masa ihu, ba mai miƙa masa hannu, kamar wanda ba shi da kowa a duniya.

Abin da Mudi bai sani ba, a wannan wasan faɗuwa ba kisa ba ce. Shitu ya riga ya dawo hayyacinsa, ya ɗora gwiwa ɗaya, yana jiran ƙirgan ya yi nisa ya ɗan huta kafin ya miƙe, kamar yadda aka koya masa. Kuma a lissafin masu ba da maki shi ne a gaba.

Mudi bai san lokacin da ya dafa katako ba. Mutumin da in zai hau keke sai ya nemi tudu, sai ga shi ya haye dandamali ya tsallaka igiya, hula ta faɗi bai waiwaye ta ba. Ya ture hannun alƙali, ya sa hannu a hammatar Shitu ya ɗaga shi tsaye. Ya karkaɗe masa kafaɗa da gwiwa, ko da yake ba ƙasa a jikin tamfol. Ya ja hannun shuɗiyar rigarsa ya rufa masa a ka, ya ɗaga tafi ya tare Dikko.

"Ya isa, ɗan samari. Ka yi kisa, mun gani. Ba a ƙarawa."

Sai wani daga benci ya ce, "Lah, Baba mai nama ne!" Dariya ta fashe ta zagaye filin, har manyan baƙi suna rufe baki da hannun riga. Malamin makarantar su Dikko kuwa bai ga abin dariya ba. Ya hau gefen dandamali yana kumfar baki.

"Maguɗi ne wannan! Nasu ne, su suka turo shi ya ba yaronsu hutu! A ba mu wasanmu!"

Alƙali ya ɗaga hannu har aka yi shiru. Mutum ne mai natsuwa, bai yi wa Mudi tsawa ba.

"Dattijo, ka san abin da ka yi kuwa? A wasan nan wanda ya faɗi yana da damar ya tashi ya ci gaba. Yaron nan tashi zai yi."

Mudi ya janye rigar a hankali daga kan Shitu. Idon yaron tar, ba alamar jiri. Suka dubi juna a kusa, kusan da suka daɗe ba su yi ba. Nan Mudi ya san ya yi ɓarna, kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa.

Alƙali ya juya ga Shitu, ya ɗaga murya don kowa ya ji.

"Ga yadda doka take. In mutumin nan naka ne, ɗan'uwa ko mai kula da kai, to wasa ya ƙare, an cinye ka. In kuwa ɗan kallo ne kawai, a fitar da shi mu ci gaba. Kai nake tambaya. Mene ne tsakaninka da shi?"

Ga ranar da Mudi ya daɗe yana roƙon Allah, ga mutane, ga tambaya, ga yaro. Ta zo masa ta hanyar da bai taɓa zato ba. Shitu ba ya iya magana da roba a baki. Ya kawar da kai, ya tofa ta a cikin safar hannunsa, ya ja numfashi.

Tsoro biyu suka kama Mudi a lokaci ɗaya. In yaron ya ce ubana ne, ya rasa wasan da ya kusa ci, makaranta ta ɗora masa laifi, kuma ya ƙarasa watanninsa ana toshe masa hanci. In kuma ya ce ban san shi ba, Mudi bai ga yadda zai ji wannan da kunnensa ya kuma sauka daga katakon nan da ƙafafunsa ba. Ko shi kansa ba zai iya cewa wanne ya fi tura shi ba. Ya dai riga yaron buɗe baki.

"Ranka ya daɗe, ban san shi ba. Ni mai fiɗa ne a kicin. Damben gargajiya na saba gani, jahilci ne ya ja ni. A yi mini afuwa."

"Gaskiya ne, mai nama ne!" in ji ɗalibai, suna ta dariya. "Kullum yana bayan kicin!"

Mudi bai yarda ya dubi Shitu ba. Masu gadi biyu suka kama shi a hannu suka saukar da shi, wani ya miƙo masa hularsa da aka tattake. Aka bi da shi ta tsakiyar mutane, wasu na tafa masa na tsiya, har aka fitar da shi ta ƙofar da ya biya ya shigo.

Yana kwance sarƙar kekensa ya ji an buga ƙarfe. Ya tsaya riƙe da sirdi. Ba a jima ba ihu ya tashi irin wanda bai ji ba duk yinin, sannan aka shiga rera suna ɗaya, "Shitu! Shitu!" Ya saurara har ya tabbata ba kunnensa ne ke yi masa gizo ba. Sannan ya hau ya kama hanyar Yako, ƙananan bas suna wuce shi cike da masu dawowa daga kasuwa. Duk hanya yana lallashin kansa. Ya ɓata, ya kuma gyara. Me ake nema a wurin uba da ya wuce haka? Ya isa gida ana kiran magariba, ya yi sallama a zaure saboda sabo, ya shiga. Yana da labari mafi girma da ya samu a shekarun nan, ɗansa ya yi kisa a gaban jama'a, ba kuwa wanda zai ba.

Ranar Litinin ya iso kwaleji da sassafe. Ɗanasabe yana dama koko a babbar tukunya.

"Da hannun dama Shitu ya kwantar da shi," ya ce, ba tare da ya ɗago ba. "Naushi ɗaya. Aka ɗauke shi a kafaɗa aka zagaya fili. Ko murmushi bai yi ba."

"Gajiya ce," in ji Mudi.

Ɗanasabe ya dube shi, ya girgiza kai, ya ci gaba da damunsa. Wannan ne karo na farko da Mudi ya ga mutumin nan ya ga abu ya yi shiru.

Ya kai rabin fiɗa, hannu cikin kitse har gwiwa, ɗalibai sun yi layi da kofunansu a ƙofar kicin, sai inuwa ta faɗo a kan fatar. Shitu ne cikin fararen kayan makaranta, ido ɗaya a kumbure. Ya durƙusa har ƙasa a gefen jinin, kamar yadda yake yi a gida.

"Ina kwana, Baba."

Mudi ya dakata da fiɗa. Ya saci kallon layin. Masu kallo daga can za su zaci gwanin dambe ne ya zo ya yafe wa tsohon da ya kusa ɓata masa wasa.

"Lafiya lau. Tashi, ana ganinka." Ya rage murya, daɗi ya ƙi ɓoyuwa a cikinta. "An ce da dama ka kashe shi. Daga ƙasa ka ɗauko ko?"

Shitu bai tashi ba. Idonsa na kan wuƙar da ke hannun ubansa.

"Tun da ka fara zuwa nan nake wuce ka, kamar yadda ka ce. Duk ranar da na wuce sai abinci ya ƙi shiga cikina. Amma ni ban taɓa buɗe baki na ce ban san ka ba, Baba. Shiru kawai nake yi."

"Shitu, ai don kai na..."

"Da na cire robar nan, cewa zan yi ubana ne. Wasan banza, a cinye ni mana. Na ga ka hau ka rufa mini riga, na ce yau dai an gama, yau ka yarda." Ya ɗago ya dubi ubansa. "Sai kai ka faɗa. A gaban kowa."

Ya miƙe, ya karkaɗe gwiwar wandonsa, ya juya ya tafi, ba sauri ba gudu.

Mudi ya tashi tsaye, wuƙa ta faɗi a kan fata. Ya buɗe baki zai kira shi da ƙarfi, ya kira shi ɗana, kowa ya ji. Sai ya ga layin yaran nan duk sun juyo suna kallo da kofuna a hannu, harshen da ya horar shekara da shekaru ya ƙi motsi. Har Shitu ya sha kwanar ɗakin cin abinci bai kira ba.